Kwanan Wata a Kan Sabar

Ɗana, tunda an danƙa maka kula da sabar ɗin makarantarku, akwai abu ƙarami da nake so ka ba shi hankalinka, wato yadda shafi yake nuna kwanan wata. Idan aka rubuta 03/04/2025, Ba'amurke 4 ga Maris zai karanta, mu da mutanen Ingila kuwa 3 ga Afirilu. Mahaifin da ya shigo duba ranar rufe biyan kuɗin jarrabawa ba zai tsaya tambayar wane tsari ka bi ba. Abin da idonsa ya saba gani shi zai ɗauka, kuma ɗansa ne zai kwana a ciki.

Sabar ba ta san inda masu karatunta suke ba sai an gaya mata. A Linux, LC_TIME ne yake riƙe da sunayen watanni da ranaku da jerinsu, LANG kuma shi ake komawa idan ba a faɗi komai ba, LC_ALL kuwa in an saka shi yana danne su duka. Akwai ha_NG na Hausar Najeriya, akwai en_NG. Amma kafin ka kira ɗaya, buga locale -a ka ga ko yana cikin injin, domin a PHP in ka kira setlocale da sunan da babu shi, ba za ta yi ƙara ba, za ta ci gaba da ba ka Turanci abinta.

Inda matasa suka fi tuntuɓe shi ne nan: ka gyara a tagar umarninka, ka ga Litinin da Satumba sun fito tsaf, ka buɗe shafi ka tarar ba abin da ya canza. Apache, shirin da ke fito da shafin, ba ya gadon saitin da ka yi wa kanka. A Debian da Ubuntu yana da fayil nasa, /etc/apache2/envvars, kuma LANG=C ne a ciki tun asali.

Ni dai shawarata, kada ka dogara da wannan hanyar ma. Saitin setlocale na shirin gaba ɗaya ne, saboda haka a sabar da ke raba aiki zare-zare, buƙatar wani tana iya sauya wa wani harshe a tsakiyar aiki. PHP kanta ta fara sallamar strftime tun fitowa ta 8.1. Ka yi amfani da IntlDateFormatter, ka ambaci harshe da yankin lokaci a daidai inda za a nuna ranar. A rumbun bayanai kuwa ajiye komai da UTC, bisa tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana. Kano da Yamai suna gaban UTC da awa ɗaya, Akara kuma daidai take da shi, don haka ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Kano, jiya ce har yanzu a Akara.

Kuma don Allah ka rubuta sunan wata da haruffa, 3 ga Afirilu, ko da zai ci wuri.

In kuma an ce ka ƙara kwanan Hijira, yi a hankali. Kwamfuta lissafi take yi, mu kuwa a Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi muke jira bayan ganin wata, kuma sukan saɓa da kwana ɗaya. Ka bar wa hukumar makaranta gurbin da za ta gyara da hannu.