Cire Abin Kunnen Nan, Ummina

Ummina, ranar Talatar da na biyo ta ofishinku bayan na fito daga ganin likita, sau biyu na yi sallama a bakin ƙofa. Abokiyar aikinki ce ta amsa, ke kuwa sai da ta taɓa kafaɗarki sannan kika ɗago. Kin yi murna, kin rasa inda za ki ajiye ni, na kuma ji daɗin haka. Amma abin da idona ya gani kafin ki ɗago shi ya hana ni sakat har na zauna ina rubuta miki wannan. Farin abu toshe a kunnen dama, wani a na hagu. Hannunki na hagu yana shafa waya, na dama yana riƙe da cokalin roba, taliyar leda ta huce a gefen kwamfuta, idonki kuma yana kan wata takarda da kike gyarawa. Mutum biyar ne a ɗakin, amma ke kamar ke kaɗai ce a cikinsa.

Ba faɗa zan yi miki ba. Sunan mahaifiyata gare ki, bakina ba ya iya yi miki faɗa. Wata uku ke nan da kama aikinki, kuma na san zaman banzan da kika yi bayan bautar ƙasa kafin Allah ya kawo wannan. Ni ce dai a gidanmu na yi shekara 35 a kan kujerar ofis, daga 1978 zuwa 2013, don haka in ban faɗa miki ba, ban san wa zai faɗa ba.

Lokacin da na fara, mu shida ne a ɗakin buga takardu, kowacce da tafiretarta. Wasiƙa ɗaya sai an jera farar takarda uku da kabon biyu a tsakani, in kika kuskure harafi ɗaya sai kin bi duka ukun kin goge. Wayar tarho guda ce a sashenmu, tana kan teburin shugaba, an ɗaura mata ɗan kwaɗo don kada wani ya juya lamba. A gabana wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wasu ƙananan ma'aikata. A gabana aka kwashe tafiretoci aka jibge a sito, aka tura mu koyon kwamfuta da furfurarmu ta fara fitowa. Ban taɓa ƙin waɗannan abubuwa ba. Yau ina zaune a tsakar gida fanshona zai shigo, waya ta yi ƙara ta sanar da ni, babu layi a rana. Muryar jikokina da ke Abuja ta WhatsApp nake jin ta. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya, da taransifa muka riƙa sayen gero da mai. Duk wannan ni'ima ce, kuma mun gode wa Allah.

Abin da nake so ki gane shi ne, aikin ofis da kunne ake koyonsa. Takardar makarantarki ta shigar da ke ƙofa, amma abin da ke cikin ɗakin ba a rubuta shi a ko'ina ba. Yadda shugabarku take amsa wayar wanda ya girme ta da yadda take amsa ta wanda ya zo da rigima. Dalilin da ya sa wani fayil yake tafiya cikin kwana biyu wani ya kwana wata. Wace magana ake sawa a rubuce, wacce kuma ake tashi a je a faɗa baki da baki. Ni rabin abin da na sani daga bakin wani tsohon masinja na tsince shi, Allah ya jiƙansa. Bai yi boko mai nisa ba, amma in ya shigo da fayil a hammata yana gunaguni, a cikin gunagunin nan za ki ji wane tebur ne takarda ke maƙalewa, da abin da ya rage a cikinta da ya sa aka dawo da ita. Bai taɓa zaunar da ni ya ce zai koya mini ba. Ina bugu ina ji ne kawai. Da kunnena a toshe yake, da ya wuce da iliminsa ban samu komai ba.

Akwai kuma abin da mutane ke karantawa a jikinki. Dattijon da ya zo bin haƙƙinsa ya tarar da ke da abu a kunne, ko da kin cire da sauri, ya riga ya ji a ransa cewa ya katse miki wani abu da ya fi shi muhimmanci. Abokan aiki ma tun suna jefo miki magana har su daina. Ba za su ce miki komai ba, sai dai wata rana ki ji an yi shawarar wani abu a gabanki ba ki sani ba.

Kada ki ɗauka ban san daɗin waƙa ba. Mu da muka tashi da kalangun Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos, muka yi rawar ƙwaryar Barmani Choge a gidajen biki har zani ya jiƙe? Ranar da aka sanar da rasuwar Shata a 1999 ofishinmu kamar an yi mana mutuwa a gida. Na yanzu ma ina ji, in ƙannenki suka kunna Nura M. Inuwa ko Ali Jita ba na cewa a kashe. Bambancin da na gani shi ne, mu tare muke ji. Rediyo ɗaya, ɗaki ɗaya, wata ta yi amshi, wata ta fassara habaicin, a yi dariya. Waƙa tana haɗa mu. Taku kuwa kowa da tasa a ramin kunnensa.

Duk da haka, ko tamu ta taɓa ja mini abin da har yau ban manta ba. Ina da wata 'yar rediyo da nake ajiyewa a aljihun tebur, in shugaba ya fita sai in kamo Rediyon Kaduna a hankali. Wata rana ana shirin zaɓi-sonka, ina jiran in ji ko za a karanta katin da na aika, hannuna kuma yana buga takardar biyan wani tsohon ma'aikaci kuɗin sallamarsa. Na tsallake sifiri ɗaya. Takarda ta wuce tebur uku ba wanda ya lura, sai a wurin biya. Mutumin nan daga ƙauye yake zuwa, a motar haya. Sati uku yana zarya kafin a gyara. Na ƙarshe da ya zo na gan shi zaune a kan benci da 'yar jakarsa ta fata a cinya, ya cire hula yana fifita da ita, bai san ni ce ba, har ya gaishe ni da ladabi. Na shiga banɗaki na yi kuka. Tun ranar, in akwai lamba ko sunan mutum a gabana, komai nawa a kashe yake. Ke yanzu kuskurenki ya fi nawa saurin tafiya, domin ni sai masinja ya ɗauka, ke kuwa dannawa ɗaya ya isa wurin mutum hamsin.

To ki ji waƙarki a adaidaita-sahu, ki ji a ɗaki da dare, ki ji kina wanke-wanke. Sai dai ki rage ƙarar. Likitoci sun ce a can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu masu ɗaukar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. A kan titin Kano, tsakanin hon da injin janareto, mutum yakan ƙure ƙarar don ya ji, nan ne ɓarnar take. In wanda ke kusa da ke yana jin abin da ke fita daga kunnenki, ya yi yawa. In kin cire kika ji kunnen yana wani shuu, gargaɗi ne.

Sai maganar abinci, wadda ta fi ci mini rai. Mu in an yi sallar azahar, sai a shimfiɗa tabarma a bayan ofis ƙarƙashin darbejiya, kowacce ta buɗe kwanonta. Wata ɗanwake da mai da yaji, wata dambu, wata kwaɗon zogale da ƙuli, wata garau-garau. Akwai wata 'yar Binuwai a cikinmu, a hannunta na fara cin sakwara da miyar agushi, ita kuma a wurina ta koyi kaɗa miyar kuka ba gudaji. Minti talatin ne, ba ya wuce haka. Amma a kan tabarmar nan aka haɗa adashin da na sayi keken ɗinkina, a nan muka ji mijin wata ya kwanta asibiti muka yi karo-karo, a nan wata babba ta ja ni gefe ta ce in daina mayar wa shugaba magana a gaban mutane, ko da ni ce da gaskiya. Da a ofis ta faɗa mini da na ji zafi. Da yake hannunmu yana cikin kwano ɗaya, sai ta shige ni.

Na san zamani ya canza, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota yake cinye albashi, kuma taliyar leda ita ce mai sauƙi. Ba na ce haramun ce ba. Amma ki dubi ɗan ƙullin sinadarin da ke cikinta, yawancinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin miya da burodi da dunƙule. Ki ɗora lemon kwalba a kai, ki zauna awa takwas ba motsi. Kin san hawan jini a gidanmu yake, shi ya kai ni wurin likita ranar da na zo miki, shi kuma ya kwantar da babanki bara. Ciwon nan ba ya sallama in zai shigo. Wake bai fi ƙarfinki ba. Ki dafa ranar Lahadi da yawa, ki raba, ki riƙa ɗiba a kula. Zogale yana nan a bayan ɗakina, ya fi ƙarfin bakina. Kuma abinci in ana kallon allo ake cinsa, ciki ba ya sanin an ci, shi ya sa la'asar na yi za ki ji kina neman biskit.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. In lokacin ci ya yi, ki kife wayar, ki tashi daga teburin, ki ce wa ta kusa da ke bismillah. Ko ta ce ta ƙoshi, gobe ki sake cewa. Yarinyar nan da ta amsa mini sallama, na ga ta miƙe ta ba ni kujerarta kafin ke ki farga. Da ita za ki fara.

Wata 'yar magana kuma tunda maganar waya muke. Takardar ofis amana ce. Kada ki ɗauki hotonta ki tura wa ƙawa, ko da abin dariya ne a ciki, domin abin da ya fita daga wayarki ya bar hannunki har abada. Zauren WhatsApp na ofis kuma ki ɗauke shi kamar ɗakin taro da shugaba ke zaune a ciki. In ranki ya ɓaci kada ki rubuta, ki bari ki yi sallah tukuna. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, yana neman lambar da aka turo miki, ki kashe wayar, albashinki yake nema.

Na ba ƙaninki saƙo ya kawo miki: kula ce mai hawa biyu, da daddawa ta ɗorawa da na sa aka kawo mini daga gida, da garin ɗanwake wanda na riga na haɗa da kuka, kanwa kawai za ki jiƙa. Na sa da yawa don ya ishi mutum biyu. Ranar Asabar in kin samu sarari ki zo da wayar taki, akwai wasu tsofaffin waƙoƙin Barmani da nake so ki nemo mini, mu ji a tsakar gida muna gyaran zogale. Ki gaida babanki, ki tambaye shi ko yana shan maganinsa.

Gwaggonki.