Yadda Ake Tantance Nau'in Kurungu

Kurungu kifi ne marar ɓawo, mai taurin kai da ƙayoyi uku, ɗaya a gadon baya, biyu a ƙirji. Masunta a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano a ƙaramar hukumar Bebeji, suna ɗaya suke kiransa da shi. A wajen masana kuwa kurungu zuriya ce guda, Synodontis, wadda Bafaranshe Cuvier ya raɗa wa suna a 1816, kuma nau'o'inta sun haura 100, dukkansu a ruwayen Afirka.

Da an fito da kifin daga koma, ana fara rubuta wurin da aka kama shi da ranar, a ɗauki hotonsa tun launinsa bai dushe ba. Sai a auna tsawonsa daga baki zuwa gindin wutsiya.

Daga nan sai gashin baki, wanda shida ne: biyu a sama, huɗu a haɓa. Na haɓa masu rassa ne. Abin dubawa shi ne na sama: ko yana da rassa shi ma, ko yana da fata siririya a gefe, da kuma inda tsawonsa ya tsaya. Idan na saman ya yi rassa, wutsiyar kuma ja ce, zato ya fi karkata ga Synodontis clarias. Mai baƙi a ciki da haske a baya, wanda kan yi iyo a rigingine, Synodontis batensoda ake fara kawowa a rai.

Aikin da ya fi cin rai shi ne ƙirga haƙoran muƙamuƙin ƙasa da madubin ƙara girma. Na wani nau'in ba su kai 10 ba, na wani sun wuce 30. Ana kuma duba ƙashin da ya miƙe baya a saman ƙayar ƙirji, ko mai tsini ne ko mai faɗi, da zarton da ke jikin ƙayoyin. Nan hannu kan sha suka.

Launi shi ne shaida mafi rauni, domin ɗige-ɗigen ƙaramin kurungu kan ɓace idan ya girma.

Idan an gama, a jiƙa kifin a ruwan fomalin, daga baya a mayar da shi kwalba mai sinadarin alkohol, da takardar bayaninsa a ciki. Ba a cewa an samu sabon nau'i sai an gwada shi da samfuran farko da ke ajiye a gidajen adana halittu, irin na Landan da Faris.