Tsohon Kwafi a Cikin Burauza: Bayani ga Masu Koyon Rubuta Manhaja

A shekarar 2023 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da 'yan ƙasa miliyan 3 a kan aikin kwamfuta. Wannan bayani domin irin waɗannan masu koyo ne, musamman samarin unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, inda sau da yawa akan yi koyon a kan kwamfutar haya ko ta aro, kuma da datar da aka saya da guminsu.

Burauza, watau manhajar da ake buɗe shafuffukan intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox, takan ajiye kwafin hotuna da fayilolin shafin da aka taɓa buɗewa a wata ma'ajiya ta wucin gadi, don kada ta sake ɗauko su. Wannan tanadi ne mai kyau, balle tun da Hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin waya da data a watan Janairun 2025.

Amma ga mai rubuta 'yar manhajar da ake maƙala wa burauza, tanadin yakan zama tarko. Sai ya gyara kuskure, ya gwada, ya ga kuskuren yana nan daram, alhali tsohon kwafi ake nuna masa. Da yawa a nan sukan rushe aikin da ba shi da laifi.

To, a Chrome, wanda ya taɓa fayil ɗin manifest.json, ko rubutun da ke aiki a bayan fage, lalle ne ya buɗe chrome://extensions ya danna alamar sabuntawa. In kuwa rubutun da ake cusawa cikin shafi ya gyara, wannan bai isa ba: sai ya sabunta shafin shi ma, da Ctrl da Shift da R. Ƙaramar tagar da ke buɗewa in an danna alamar manhajar ba ta bukatar haka; rufewa da buɗewa sun wadatar. Kana ya danna F12, ya zaɓi Network, ya sa alama a Disable cache, amma ya sani wannan ba ya aiki sai tagar tana buɗe.

Kada a yi gaggawar share ajiyar burauza gaba ɗaya a kwamfutar shago. Akan haɗa da kalmomin sirrin jama'a, kuma a sake biyan kuɗin datar da aka riga aka biya.