Darasi na 17: Tabo a Jikin Kabewa

Mai son ƙatuwar kabewa ya kan bar ɗiya guda a jikin yaɗo, ya tsinke sauran, don abincin duka ya tafi gare ta. Haka masu gasar kabewa su ke yi a ƙasashen Turawa. A shekarar 2023 wani manomi a Amurka ya kai kabewa wurin awo, aka sami kilo 1,247, watau ta fi buhu 12 na dawa nauyi. Tamu ba ta kai haka. Amma in guda ka bari, ta kuwa ruɓe, wahalarka ta damina ta tafi banza, uwargida kuma ta rasa ta miyar taushe.

To, in ka ga launin bawonta ya sake a wani wuri, kada ka yi saurin tsinke ta. Launi kaɗai ba shi nuna ciwo. Sa babban yatsa ka danna wurin a hankali. In da tauri, a bushe, abin da sauƙi. In ya lotsa, ko yana tsattsafo da ruwa, ruɓa ce ta soma.

Sa'an nan dubi inda tabon ya ke. In a ƙarƙashi ne, inda ta kwanta, ya yi fari ko rawaya, wannan rashin ganin rana ne kawai. Sai dai ƙasa mai laima ta kan ruɓar da wurin, saboda haka ka zuba mata yashi, ko ka sa katako ƙarƙashinta. Ku ɗaga ta ku biyu, sannu sannu, gama wuyanta ba shi da wuyar karyewa.

In a bisa ne, wajen da rana ta ke bugu, ya koɗe ya yi fari, ƙunar rana ce. Ta fi samun kabewar da ganyenta ya mutu, musamman ganyen da ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Bawon ya kan yi laushi daga baya, ya tsage, ruɓa ta shiga. Rufe ta da tsohon farin zane, ko ka kafa mata 'yar rumfa da zana. Baƙin zane ba shi da amfani, zafi ya ke ja.

Tabo mai kaushi kamar ɓawon miki, sau da yawa saran kaza ne ko gogar ƙaya, ya warke. Ƙyale shi.

Akwai kuma kabewa mai dabbare-dabbare, kore da rawaya, da ƙuraje, ganyenta duk ya yamutse. Wannan cuta ce wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye su ke ɗauka daga wani yaɗo zuwa wani. Ba ta da magani. Ana iya cin kabewar, amma a tuge yaɗon, kada kuma a ajiye 'ya'yanta don iri.

Wanda ya fi muni shi ne ɗan huji mai fid da ƙaro, gefensa ya yi baƙi ya lotsa. Wani ƙuda ne ya sa ƙwai tun tana ƙarama, tsutsa na ciki. Haƙa rami mai zurfi ka binne ta. In ka jefar da ita juji, tsutsar ta zama ƙuda, ta koma gonarka da ta maƙwabcinka.

In ka rasa gane tabon, ga dabara. Ɗauki gawayi ka zagaye shi da layi, ka komo bayan kwana biyu. In bai ƙetare layin ba, bar ta ta nuna. In ya ƙetare, tsinke ta ran nan, ka yanke ruɓar har da lafiyayyen nama na gefe. Abin da ya rage, in da tauri, babu wari, a dafa.

Tambayoyi

1. Me za ka fara yi in ka ga tabo a jikin kabewa?
2. Don me a ke binne kabewa mai tsutsa?
3. Ina amfanin gawayi a nan?