Zancen Riƙon Ɗan Wani

Ya kai mai karatu, ka san riƙo, gama kusan babu gidan da ba a taɓa kawo ɗan wani a ce a riƙe shi ba. Yau za mu duba wani irin riƙo da ake yi a ƙasar Amurka, domin mu gane abin da ya wajaba a kan mai bi sa'ad da aka danƙa masa yaron da ba nasa ba.

A Amurka akwai iyaye waɗanda ba su aika 'ya'yansu makaranta, su da kansu suke koya musu karatu da lissafi a gida. Tun daga 1993 doka ta yarda da wannan a dukan jihohin ƙasar 50, da yawa daga cikin masu yin haka kuwa Kirista ne. Waɗansu gidajen nan sukan karɓi yara daga Koriya ta Kudu, su zauna tare da su domin su koyi Turanci. Yaron da ya zo musayar shekara guda, doka ta ce sai ya shiga makarantar da hukuma ta sani. Amma akwai masu zuwa na 'yan makonni a lokacin hutunsu, su ne kan zauna a tebur ɗaya da 'ya'yan gida.

Me ya sa uwa za ta yarda ɗanta ƙarami ya ƙetare teku? Dalili shi ne Turanci yana da nauyi ƙwarai a Koriya. Tun 1997 ake fara koyar da shi daga aji 3 na firamare. In an tashi daga makaranta, yara da yawa sukan wuce wata makarantar kuɗi da ake kira hagwon, su yi ta karatu har dare. A watan Nuwamba akwai babbar jarrabawar shiga jami'a, sa'ad da ake sashen sauraron Turanci kuwa har jiragen sama akan hana su tashi da sauka, kada ƙararsu ta dami ɗalibai. A shekarar 2006 yaran da suka fita waje karatu sun kusa 30,000. Uban da ya zauna shi kaɗai yana neman kuɗi, matarsa da 'ya'yansa suna wata ƙasa, Koriyawa sukan kira shi uba dinya, domin yakan yi doguwar tafiya kamar tsuntsun nan kafin ya ga iyalinsa. Ka gani, yaron da ya sauka a ƙofar gida ya zo ɗauke da gumin ubansa da begen uwarsa.

Yanzu ka lura da wannan. Yaron da ke zuwa makaranta, in gida ya yi masa zafi, yana da malami da abokai da zai faɗa wa. Amma a gidan da ake karatu a ciki, uwar gida ita ce malama, 'ya'yanta su ne 'yan ajinsa, wurin cin abinci shi ne wurin darasi. In an yi masa alheri, to, Turanci zai shige shi da sauri, gama daga safe har dare shi yake ji, a wajen wanke-wanke da wajen wasa. In kuwa an ƙuntata masa, ba shi da wurin gudu, ba shi kuma da bakin kai ƙara.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido, mai masauki kuma sau da yawa bai fi shi gani ba. Ɗan Koriya in ana yi masa faɗa yakan sunkuyar da kai, gama ladabi ke nan a wurinsu, Ba'amurke kuwa yakan ɗauka rashin gaskiya ne, ya ce, dube ni. Yakan miƙa abu ga babba da hannu biyu, yakan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kiran babba da sunansa kuma yana yi masa nauyi. In aka tambaye shi da Turanci, ba ka jin yunwa? sai ya ce i, manufarsa ba ya ji, daidai yadda Bahaushe zai amsa, mai tambaya kuwa ya fahimci akasin haka. Wani lokaci kunya ce za ta sa ya ce ya ƙoshi, ya kwana da yunwa, alhali a gidansu da an sake tayi. Uwar gida mai hankali za ta yi tayi sau biyu, har sau uku. Za ta kuma dafa masa shinkafa, ta nemo masa kimci, wato kabejin da aka haɗa da barkono har ya yi tsami, wanda ya saba gani kowace rana. Shirunsa na makonnin fari ba taurin kai ba ne. A harshensu aikatau a ƙarshen magana yake zuwa, sai ya juya zancen duka a ransa kafin ya buɗe baki.

Akwai jaraba biyu da nake so in faɗa a fili. Ta fari kuɗi ne. Iyayen yaron sukan biya ladan masauki, ba laifi ba ne a karɓa, gama abinci ba kyauta ake samunsa ba. Laifin shi ne a karɓi kuɗin a bar yaron a ɗaki da waya, ko a mai da shi mai renon ƙanana, ko a ɗora masa aikin da ba a ɗora wa 'ya'yan gida. Mun san wannan a wurinmu, inda ɗan riƙo yakan sha ɗaukar ruwa 'ya'yan gida suna barci.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin takan zo da kamannin himma. Bishara ta daɗe a Koriya, tun kafin Underwood da Appenzeller su sauka can a 1885, amma ƙidayar 2015 ta nuna fiye da rabin mutanen ƙasar ba su bin wani addini. Saboda haka yaron yana iya zama ɗan gidan masu bi, yana iya zama ba haka ba. Ya kamata a gaya wa iyayensa tun kafin ya taso cewa a gidan nan ana addu'a, ana zuwa sujada ran Lahadi. Ya ga wannan da idonsa, in ya yi tambaya a amsa masa da gaskiya. Amma a matsa wa yaro mai kewar gida, wanda ke tsoron ɓata wa masu ciyar da shi rai, har ya furta abin da bai gane ba, a bayan idon iyayensa, wannan cin amana ne a ganina, ko da an yi shi da sunan Ubangiji.

Abu ɗaya ya saura, sunansa. Yaran Koriya da yawa sukan ɗauki sunan Turanci domin su sauƙaƙa wa mutane. Gara mai masauki ya wahalar da harshensa ya koyi na ainihi, yadda yaron ke wahalar da nasa kullum. Kada kuma a hana shi kiran uwarsa da harshensu a kan wai zai ɓata Turancinsa. Tsakanin Siyol da gabashin Amurka akwai bambancin awa 13 ko 14, watau sa'ad da yake shirin kwanciya ita gari ya riga ya waye mata, lokacin nan ne ya fi dacewa a ba shi waya a bar masa ɗakin.