Ciwon Adisan Da Alamunsa

Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da Allah ya halitta, shi ke zubo sinadarai cikin jini, su tsare gishirin jiki, da sukari, da ƙarfin jini. In naman nan ya lalace, sai ciwon da Likita Tomas Adisan na Landan ya bayyana cikin 1855 ya auku.

A Turai galibi garkuwar jiki ce ke juyowa ta cinye shi, amma a ƙasashenmu tarin fuka ne babban sanadi.

Mai ciwon yakan rame, ga kasala, ga kwaɗayin gishiri, in ya miƙe sai jiri. Fata takan ƙara duhu, amma da yake mu baƙaƙe ne, sai mu duba dasashi da zanen tafin hannu.

Babban haɗari kuwa ranar da zazzaɓi ko rauni ya same shi. Sai amai da ciwon ciki, jini ya faɗi, ya suma. To, kada mu tsaya jiƙe-jiƙe, mu garzaya da shi asibitin Katsina, don allurar haidirokotizon da ƙarin ruwan gishiri ke cetonsa. Bayan haka zai riƙa shan magani muddin ransa.

Allah ya kiyashe mu, amin.