Darasi: In an rage haraji, aljihun wa ke cika?

'Yan'uwa fatake, a zango da kara a Tamale mun saba jin ana cewa da gwamnati za ta rage harajin VAT a kan ayyukan hannu, da kuɗin gyaran mota da na lodi da na abinci duk sun sauko. To, bari mu duba inda aka taɓa gwadawa.

A shekarar 2000 ƙasashe tara na Tarayyar Turai suka fara gwajin rage wannan haraji a kan sana'o'in da ƙarfin mutum ya fi kayan aiki yawa a cikinsu, irin su aski, gyaran takalmi, gyaran keke da gyaran gida. Niyyarsu farashi ya sauka, ciniki ya ƙaru, matasa su sami aiki. Da aka yi lissafi a 2003, aka ga ragin bai kai ga mai saye duka ba, ayyukan kuma ba su ƙaru yadda aka zata ba.

A Finland a 2007 aka sauke harajin masu gyaran gashi daga kashi 22 cikin ɗari zuwa 8. A ce aski na sidi 122 ne, ya kamata ya koma 108, amma sai ya tsaya wajen 115. Rabin ragin ya maƙale a hannun mai shago. Da aka maido da harajin a 2012, farashi ya hau fiye da yadda ya sauka. Faransa ma a 2009 ta rage wa gidajen abinci daga 19.6 zuwa 5.5, masu gidajen suka kwashi kaso mafi tsoka.

Mu dawo gida Ghana. An shigo da VAT a watan Maris na 1995 a kan kashi 17.5. Kaya suka yi tsada, aka yi zanga-zangar Kume Preko a Ankara a watan Mayu, har aka rasa rayuka, gwamnatin Rawlings ta janye shi a watan Yuni. A ƙarshen 1998 ya dawo a kan kashi 10. Kun ga hauhawa ba ta jiran kowa, sauka kuwa sai an bi ta da ƙafa.

Ina ruwanmu da wannan? Yaran da ke ɗora shanu a mota, da mai yankan ciyawa, da dillali, da mai tuwo a tasha, yawancinsu ba su yi rajistar VAT ba, don cinikinsu bai kai ba. Wanda ba ya karɓar haraji, me za a rage masa? Harajin yana ɓoye ne a cikin taya da batir da kayan gyaran da mai tirela ke saya, shi kuma ya zuba mana a kuɗin mota daga Paga zuwa Kumasi ko Ashaiman. Kuɗin tikitin kara da na takardar likitan dabbobi kuwa ba VAT ba ne, kowane da ofishinsa.

Saboda haka ga abu uku. Na ɗaya, duk wanda ya ce ya ɗora maka VAT, ka ce ya ba ka rasit na GRA. Na biyu, ka riƙa rubuta kuɗin mota na kowace tafiya, don ranar da aka rage haraji ka san nawa ya kamata ya ragu. Na uku, a je wa masu motoci a ƙungiyance. Mutum ɗaya da shanu talatin roƙo yake yi, amma ƙungiya mai lodin tirela goma ciniki take yi.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya.